Ajin Karatun Taswira na Wani Tsohon Malamin Jami'a a Bauchi

Darussan yamma da na ƙarshen mako sun yawaita a garin Bauchi, amma kusan dukkansu lissafi da Turanci da kimiyya ake koyarwa a cikinsu, domin su ne darussan da iyaye suka fi tsoron 'ya'yansu su faɗi a jarrabawa. Saboda haka ajin da wani dattijo, malamin labarin ƙasa da ya yi ritaya daga jami'a, ya buɗe a zauren gidansa ya fita daban, kuma ya cancanci a yi wa iyaye bayaninsa dalla-dalla kafin su yanke shawarar kai 'ya'yansu ko barin su a gida. Ɗaliban babbar sakandare suna zuwa Asabar da Lahadi da hantsi, manya kuma suna da zama guda a tsakiyar mako bayan la'asar. Na kai ɗana da 'yar ƙanwata, ni kaina kuma na zauna a ajin manya tsawon zangon karatu, don haka abin da zan faɗa na gan shi da idona. Malam ya roƙi kada a sa sunansa a rubutu, zan kuwa kira shi da abin da kowa yake kiransa da shi.

Wanda zai biya kuɗin darasi yana da haƙƙin sanin wa zai koyar da ɗansa, kuma a nan ne wannan aji ya fi ƙarfi. Malam bai faɗo jami'a daga sama ba. Da takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu ya fara, a makarantar firamare ta ƙauye, a lokacin da shirin ilimin firamare na kowa da kowa na 1976 ya cika azuzuwa da yara har malamai suka yi ƙaranci. Daga nan ya koma kwalejin ilimi, ya yi digirin farko a labarin ƙasa, ya koyar a sakandare shekaru masu yawa, sannan ya yi digiri na biyu da na uku, ya ƙare aikinsa yana koyar da ɓangaren labarin ƙasa da ya shafi mutane, wato zamansu da ƙaurarsu da kasuwanninsu da yadda garuruwa suke girma. Binciken da ya fi daɗewa a kansa shi ne yadda mutum yake riƙe siffar garinsu a cikin kansa, da yadda wannan siffa take sarrafa inda yake zuwa da inda ba ya zuwa. Ana jin wannan doguwar tafiya a koyarwarsa. Mutumin da ya taɓa tsayawa gaban yara 'yan aji ɗaya da alli a hannu bai manta yadda ake sauƙaƙa magana ba, wanda kuma ya duba kundin ɗaliban digiri na uku ba ya yarda a sauƙaƙa ta har ta zama ƙarya.

Ranar farko ba ya buɗe littafi, ba ya kuma rataya taswira a bango. Farar takarda yake raba wa kowa da fensir, ya ce a zana hanya daga ƙofar gida zuwa kasuwar Wunti yadda baƙon da bai taɓa zuwa Bauchi ba zai bi ya isa. Na ga takardun da yaran suka kawo. Ɗana ya ja titin da ya saba bi da keke a miƙe sambal, alhali titin yana da lanƙwasa biyu, ya kuma matse tazarar da ke tsakanin unguwarmu da filin ƙwallo har ta zama kamar taki goma, sannan ya bar rabin takardar fari fat, domin a kansa babu komai a kudancin gari sai suna. 'Yar ƙanwata kuwa ba ta kai Wunti ba sam, takardarta ta ƙare tun tana cikin unguwa, amma babu lungun da ta tsallake: ga gidan mai ƙosai, ga injin markaɗe, ga famfon da ake layi, ga kwalbatin da ruwa yake shafewa da damina, ga Islamiyyarsu. Malam ya ɗaga takardun biyu gaban aji bai ce ɗaya ta fi ɗaya ba. Ya tambayi yarinyar, cikin taushin murya, “'Yata, ina ne iyakar inda ake aikenki?” Ta faɗa, ya nuna wa ajin cewa daidai nan zanenta ya tsaya. Da wannan tambaya guda ya shigar da yara cikin babban batu, cewa taswirar da ke kan mutum ƙafarsa ce ta zana ta, kuma wanda aka taƙaita wa zirga-zirga an taƙaita masa sanin gari, ko da kuwa ya fi kowa lura.

A kan wannan tushe yake gina sauran zangon, kuma ina ganin shi ne dalilin da ya sa yaran ba sa gajiya. Bayan sun yi nasu zanen ne yake gaya musu cewa wani masanin tsara birane a Amurka, Kevin Lynch, ya sa mazauna biranen Boston da Jersey City da Los Angeles sun yi irin wannan aiki, ya kuma bayyana a 1960 cewa abubuwa biyar ne mutane suke harhaɗa siffar gari da su: hanyoyi, da iyakoki, da unguwanni, da mahaɗu, da alamomin da ake hangowa. Malam ba ya barin wannan ya zama abin haddacewa. Nan take yake sa su nemo kowanne a Bauchi, sai ka ji gardama ta kaure a kan ko shataletalen Wunti mahaɗa ce ko alama, ko layin dogo iyaka ne ko hanya, ko kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin taswirar wanda bai taɓa shiga ba. Inda ya fi daɗewa shi ne ganuwa. Tun wajen 1809 da Malam Yakubu ya kafa garin aka kewaye shi da ita, yau kuwa mafi yawanta ya rushe ko gine-gine sun cinye shi, amma har gobe mutumin Bauchi da Ƙofar Ran da Ƙofar Wase da Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Dumi yake kwatance, kuma yaron da bai taɓa ganin ganuwar a tsaye ba ya san bambancin cikin gari da waje. Iyakar da ta ɓace a ƙasa tana nan daram a kan mutane, tana kuma shafar inda suke neman haya da inda suke neman aure. Ban taɓa jin an bayyana wa 'yan sakandare wannan ba, kuma na ga yadda ya sauya kallon da ɗana yake yi wa garin da aka haife shi.

A ajin manya, wanda ya haɗa malaman makaranta da wani ma'aikacin lafiya da 'yan acaba biyu da wani mai koyon aikin awon fili, Malam ya fi zurfafawa a tarihin fannin. Ya faro daga Edward Tolman, wanda ya nuna a 1948 cewa ɓeran da ya saba da wani ruɗaɗɗen keji ba jerin kwana kawai yake haddacewa ba, domin idan aka toshe masa hanyar da ya sani yakan iya zaɓar wata da ta nufi inda abinci yake, alamar yana ɗauke da siffar wurin gaba ɗaya. Ya zo kan John O'Keefe, wanda ya gano a 1971 wasu ƙwayoyi a wani sashen ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus, waɗanda suke motsawa idan dabba ta isa wani takamaiman wuri, da kuma May-Britt Moser da Edvard Moser na ƙasar Norway da suka gano wasu ƙwayoyin masu auna tazara a 2005, aikin da ya sa su ukun suka sami lambar Nobel a 2014. Abin da ya fi jan hankalin 'yan acaban shi ne binciken Eleanor Maguire na shekarar 2000 a kan direbobin tasi na Landan, waɗanda sai sun haddace tituna kimanin 25,000 kafin a ba su lasisi, inda aka tarar ɓangaren baya na wannan sashe na ƙwaƙwalwarsu ya fi na sauran mutane girma, kuma girman yana tafiya da yawan shekarun da direba ya yi a aiki. Ɗaya daga cikinsu ya tambaya ko su ma haka abin yake. Amsar Malam ta burge ni, domin bai yi masa daɗin baki ba. Ya ce a kan direbobin Landan aka yi awon, don haka ba zai ɗora sakamakon a kan wanda ba a auna ba, amma abin da zai iya gwadawa a zaure shi ne zane. Ya ba shi takarda, mutumin kuwa ya fitar da hanyoyi uku daga kasuwar Muda Lawal zuwa unguwar Yelwa, har da wadda ake bi idan an tare babban titi, ya kuma faɗi wadda ta fi cin mai.

Akwai masani guda da Malam yake ambata da wata irin girmamawa, kuma a fili yake cewa shi ne ya zame masa abin koyi a aikinsa. Reginald Golledge haifaffen Ostireliya ne, ya koyar da labarin ƙasa a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara tun daga 1977, yana cikin waɗanda suka assasa nazarin yadda mutane suke yanke shawara game da wuri da hanya, sannan a tsakiyar aikinsa, cikin shekarun 1980, ya rasa ganinsa. Bai ajiye aiki ba. Ya juya bincikensa zuwa ga yadda makafi suke gane gari, ya haɗa kai da masana halayyar ɗan'adam suka ƙirƙiro na'urar da take amfani da tauraron ɗan'adam da sauti wajen yi wa makaho jagora, ya ci gaba da koyarwa da rubutu har rasuwarsa a 2009. Daga cikin ra'ayoyinsa Malam ya fi amfani da wanda yake cewa mutum yana fara sanin gari ne daga 'yan wurare kaɗan da ya kafa ƙafa a cikinsu, kamar gida da wurin aiki da kasuwa, sauran wurare kuma sai ya riƙa rataya su a jikin waɗannan, ta yadda idan ya kuskure matsayin ɗaya daga cikin manyan, duk abin da ya rataya a kansa zai goce tare da shi.

Don yara su ji wannan a jikinsu, yakan ɗaure wa ɗaya ido da ƙyalle a tsakar gida, wani ya riƙe hannunsa ya kai shi taki kaɗan gaba, ya karya da shi dama, ya ƙara tafiya, sannan a sake shi a ce ya nuna da yatsa inda ya taso. Yawancinsu suna nuna gefe, su kuma yi mamaki idan aka kwance ƙyallen. A wani zama ya gayyato wani dattijo makaho, abokinsa, wanda ya yi shekaru yana yawo a cikin gari da sanda. Malam ya ba shi kujerarsa ya koma kan benci tare da ɗalibai. Dattijon ya bayyana yadda yake gane ya iso bakin babban titi da sauyin ƙarar iska, yadda gangaren ƙasa a ƙarƙashin takalminsa yake gaya masa ya kusa kwalbati, yadda warin wurin masu gasa nama da ƙarar maƙera suke raba masa layi da layi, da yadda zafin rana a kuncinsa yake nuna masa inda ya fuskanta. Ya kuma faɗi abin da ya fi wahalar da shi, wato ramin da aka haƙa aka bari a buɗe da kayan da 'yan tireda suke bazawa a inda jiya babu komai. Yaran sun yi tsit, suna kiransa Baba suna jera masa tambayoyi har lokaci ya wuce. A ganina wannan zama kaɗai ya biya kuɗin zangon, domin ya koya musu labarin ƙasa, ya kuma koya musu ganin haƙƙin wanda suke wucewa a titi kullum.

Darasin kusurwoyi ma ya zo da abin da ban zata ba. Mu Hausawa mun saba kwatance da gabas da yamma da kudu da arewa, har takardar cinikin gona da su ake rubuta maƙwabta, kuma Malam yana ɗaukar wannan a matsayin jari da yaranmu suke zuwa aji da shi, wanda ya kamata a gina a kansa. Sai dai ya nuna musu da kamfas, wato na'urar da take nuna arewa, cewa abin da muke kira gabas ba abu ɗaya ba ne. Bauchi tana kan digiri 10 da 'yan kai arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma alƙibla daga nan tana wajen digiri 65 ne idan aka auno daga arewa, wato ta karkata arewa da gabas ta ainihi da kimanin digiri 25. Rana kuwa ba ta da mafita guda: a ƙarshen watan Yuni tana fitowa kusan daidai saitin alƙibla, a ƙarshen Disamba kuma ta koma kudu da gabas, har tazarar da ke tsakanin mafitarta da alƙibla ta kusa digiri 50. Ya kafa sanda a tsakar gida ya sa su riƙa alamta inuwarta mako-mako don su gani da kansu. Ya kuma yi taka-tsantsan, ya ce hukuncin salla na malaman fiƙihu ne, nasa aikin awo ne kawai.

Ɓangaren da ya shafi garuruwa da kasuwanni ya fi gajarta, kuma na so a ce ya fi haka tsawo, tunda nan ne ainihin fagen Malam. Ya sa su zana manyan hanyoyin da suka fita daga Bauchi, ta Jos da ta Ningi zuwa Kano da ta Darazo zuwa Maiduguri da ta Alkaleri zuwa Gombe da ta Dass, sannan su duba yadda sababbin unguwanni suka bi jikin waɗannan hanyoyi suka miƙe. Ya kawo zuwan jirgin ƙasa a 1961, wanda ya isa Gombe a 1963 da Maiduguri a 1964, da zaman garin hedikwatar jiha a 1976, ya nuna yadda kowanne ya ja gari zuwa wani gefe. Ya taɓo ra'ayin Bajamushe Walter Christaller na 1933 game da dalilin da ya sa ake samun ƙananan garuruwa da yawa da manya kaɗan, ya fassara shi da tambayar da kowane yaro zai iya amsawa: me ya sa ake samun gishiri da ashana a kowane ƙauye, amma mai neman injin ban-ruwa ko likitan ƙashi sai ya shigo birni, kuma me ya sa kasuwannin ƙauye suke ci rana guda a mako suna karɓa-karɓa? A nan ne ya gabatar musu da Akin Mabogunje, wanda aka haifa a Kano a 1931, ya zama farfesan labarin ƙasa na farko ɗan Nijeriya a Jami'ar Ibadan, ya shugabanci ƙungiyar masana fannin ta duniya, ya karɓi lambar Vautrin Lud, babbar lambar yabo ta fannin labarin ƙasa, a 2017, ya rasu a 2022. Da yawa daga cikin yaran ba su san cewa ɗan ƙasarsu ya kai wannan matsayi a wannan fanni ba.

Haka kuma ya ware zama guda don nuna cewa kowace taswira zaɓi ce ta wanda ya zana ta. Ya nuna musu hoton taswirar da Al-Idrisi ya kammala a Sisili a 1154, wadda kudu ce a samanta, da ta Mercator ta 1569, wadda take kumbura ƙasashen da suke nesa da tsakiyar duniya har tsibirin Girinlan ya yi kama da Afirka a girma, alhali Afirka ta ninka shi wajen sau 14. Ya kuma ambaci taswirar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bai wa Baturen nan Clapperton a Sakkwato a 1824, don su san cewa zana ƙasa a takarda ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

To, iyaye da yawa jarrabawa ce ta kawo su, kuma dole in faɗi gaskiya a kan wannan. Tambayar karatun taswira tilas ce ga mai rubuta labarin ƙasa a jarrabawar kammala sakandare, kuma Malam ya iya koyar da ita ƙwarai. Yana sa su fahimci cewa a taswira mai ma'aunin 1:50,000 santimita 2 kilomita 1 ce a ƙasa, su auna lanƙwasasshen rafi da zare sannan su miƙe shi a kan rula, su fitar da kusurwar wuri daga wani wuri. Layukan da suke nuna tudu da kwari, waɗanda su ne suke kayar da yawancin ɗalibai, da rabin dankalin Hausa yake koyar da su: ya kifa shi a faranti, ya yanka shi falle-falle daidai kauri, ya ɗora kowane falle a takarda a zagaye gefensa da fensir, sai ga layuka sun fito ɗaya cikin ɗaya, sun matsu a inda dankalin ya yi tsaye, sun buɗe a inda ya kwanta. 'Yar ƙanwata, wadda a da take tsallake wannan tambaya, yanzu da kallo ɗaya take gane gangare mai tsauri. Matsalar ita ce wannan aiki ba ya farawa sai zango ya raba tsakiya. Ɗalibin aji biyu na babbar sakandare ba zai cutu ba, amma wanda jarrabawa ta rage masa wata biyu zai ga kamar ana ja masa rai, kuma ba a warware tsofaffin tambayoyi da yawan da mai shirin jarrabawa yake buƙata. Na yi wa Malam wannan magana, na ce, “Allah ya gafarta Malam, da an raba 'yan aji uku daban.” Ya karɓa da kyau, ya ce ƙarfinsa ne bai kai ya ƙara zama ba. Uzuri ne na gaskiya, amma bai kawar da matsalar ba.

Taswirorin da ake aiki da su ma tsofaffi ne, irin waɗanda aka zana daga hotunan jirgin sama shekaru da dama da suka wuce, masu auna tsayi da ƙafa 50 tsakanin layi da layi, kuma wasunsu sun sha ninki har rubutun ya goge a wurin ninkin. Malam yana mayar da tsufansu darasi, ya sa yara su kwatanta su da hoton tauraron ɗan'adam a waya su ga gonakin da suka zama unguwanni da fadamun da aka gine, wanda hakan yake bayyana musu dalilin da ya sa ruwa yake shiga wasu gidaje duk damina. Wannan dabara ce mai kyau, sai dai kofe ɗaya yara huɗu suke rabawa, kamfas kuma bai wadata ba. Babu kwamfuta a ajin, don haka mai son koyon haɗa taswira da manhaja, irin aikin da ake nema yanzu a ofisoshin filaye da na lafiya, zai sami tushe a nan amma sai ya nemi aikin hannu a wani wuri. Ma'aikacin lafiyar da muke tare da shi ya ba da labarin yadda taswirorin da ake zanawa da hannu don rigakafi suke tsallake rugage da ƙananan unguwanni saboda mai zanen bai taɓa zuwa can ba, kuma ya so ƙwarai a ce an nuna masa yadda ake gyara wannan a na'ura.

Game da waya, Malam ba ya hana amfani da ita. Ya bayyana musu cewa sai wayar ta ji saƙon taurarin ɗan'adam aƙalla huɗu kafin ta san inda take, ya kuma sa su gwada kuskurenta a cikin matsattsen lungu. Ƙa'idarsa ita ce a fara zana hanya da ka, sannan a duba waya, domin wanda kullum murya take ce masa ya karya dama ko hagu yakan isa inda za shi ba tare da ya san inda ya bi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne fita fili. Sau da yawa ana hawa wani dutse a gefen gari don a hango unguwanni a daidaita su da taswira, kuma nan ne duk abin da aka koya a zaure yake haɗuwa. Amma yawancin 'yan matan ba sa zuwa, saboda babu malama mace da za ta raka su, iyaye kuma ba za a zarge su ba idan suka hana. Sakamakon shi ne waɗanda Malam da kansa ya nuna tun ranar farko cewa an taƙaita musu sanin gari su ne kuma suke rasa darasin da zai faɗaɗa musu shi. Wannan gyara ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Cikin tsofaffin ɗalibansa mata da suke koyarwa a makarantun gari ba za a rasa wadda za ta ba da safiyar Asabar ɗaya a wata ba, kuma mu iyaye mata da maza za mu iya karɓa-karɓa wajen rakiya. Ni na kai 'yar ƙanwata da kaina, na kuma ga yadda ta tsaya tana neman rufin Islamiyyarsu daga sama har ta gano shi, sannan ta juya takardarta ta daidaita ta da arewa ba tare da an ce mata ba.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne. Zauren yana da zafi a watannin Maris da Afrilu, benci ne babu tebur, don haka a cinya ake zane. Malam yakan bi wata tambaya ya yi nisa har abin da aka shirya ya koma mako na gaba, kuma ba ya raba rubutaccen bayani, sai abin da yaro ya kwafa daga allo. Da Hausa yake bayani, sannan ya ba da kalmomin Turancin da za su gamu da su a takardar jarrabawa ya sa su rubuta amsa da Turanci, tsarin da na ga ya fi amfani ga yaran makarantun gwamnati.

Kuɗin wata bai kai abin da ake biya a darasin lissafi na yamma ba, ana biya a farkon wata, kuma na san akwai marayu da yake koyarwa kyauta ba tare da sauran yara sun sani ba. Ina ba da shawarar a kai ɗalibi tun yana aji ɗaya ko aji biyu na babbar sakandare, musamman mai sha'awar awon ƙasa ko tsara birane ko aikin gona, haka kuma malaman labarin ƙasa na sakandare za su ƙaru sosai a zaman manya, ko don su ga yadda ake koyar da wannan darasi da kayan da ke cikin gida. Wanda jarrabawa ta matso masa ya haɗa da wani wurin da ake warware tsofaffin tambayoyi. Duk mai zuwa ya tanadi fensir da rula da abin auna kusurwa da zare da katako mai faɗi da zai ɗora takarda a kai, ya kuma yi magana da Malam tun kafin hutu ya ƙare, domin ba ya karɓar sabon ɗalibi bayan mako na biyu, kuma idan benci ya cika ba ya ƙara kowa.